Kaset ɗin Mai Kwat

Likita bai ɓoye musu komai ba. Ya ce ƙarin da ya fito wa Baba a cikin kunnen dama dole a cire shi gobe da safe, in ba haka ba zai kai ga ƙwaƙwalwa. Aikin zai yi kyau da yardar Allah, amma jin ba zai dawo ba. Kunnen hagu kuwa dama ya daɗe da mutuwa, tun wani zazzaɓi da ya kwantar da shi Auta tana firamare. Wato dai daga gobe Baba ya yi sallama da duk wani sauti na duniya.

Yaya ya bi likita har bakin ƙofa yana jero tambayoyi, kamar yadda ya saba. Auta ta zauna a gefen gadon, ta matsa kusa da kunnen da ya rage.

"Baba, me kake so a kawo maka?"

Ta ɗauka shayi zai ce, ko filonsa na gida. Sai ya kalli silin ya ce, "Kaset ɗin mai kwat."



Baba tela ne, kuma a ƙarƙashin teburin yankansa Auta ta girma. Tun kafin a haife ta wani baƙo ya kawo kwat a gyara masa hannu, bai ƙara dawowa ba. A aljihun kwat ɗin aka tsinci kaset, fari fat, ba suna ba hoto. Waƙoƙi ne cikin wani harshe da babu mai ji a gidan, wani mutum mai kakkaurar murya yana jan su a hankali kamar wanda aka yi wa rasuwa. Baba ya kamu da son su. Kullum yana taka keken ɗinki kaset ɗin yana juyawa, marigayiya Mama tana gefe tana sa maɓalli.

Mama ma takan rera waƙar farko in tana aiki, amma da sauri, da siririyar muryarta, har da kaɗa kafaɗa. Baba ya ce, "Ke dai kin iya ɓata waƙa. Mutum yana kuka kin mayar masa da abin biki."

Ita kuma ta ce, "Kai dai ka sayi batir."

Kowa ya san inda ta dosa, don a kan batir Baba ba ya da na biyu wajen maƙo. Bai taɓa jefar da ko ɗaya ba. Sabo tocila ake sa wa, saboda zura zare a allura in an ɗauke wuta. In haskenta ya fara ja, a shanya su a rana, a ɗan cije su, a miƙa wa rakoda. In rakoda ta gaji da su, ƙaramar rediyo na jira. Duk faɗan da aka soma a gidan nan, ko na gishiri ne, a kan batir yake ƙarewa.

Yaya ya dawo ya ji abin da ake ciki. Ya ɗaga murya ya ce, "Baba, wannan kaset ai ruwa ya cinye shi tun shekarar da rufin shago ya yi yoyo."

"Na sani," in ji Baba. "Ai ba shi kaɗai aka buga a duniya ba. Ina son in ƙara jin sa sau ɗaya, shi ke nan. In ba a samu ba, ba komai."

Wannan "ba komai" ɗin ne ya tayar da Auta tsaye. Ta san Babanta. Bai roƙi kowa komai ba ko ranar da aka binne Mama.

A baranda Yaya ya riƙo hannunta. "Ina za ki? Abin da ba suna, ba mawaƙi, ba ko kalma ɗaya da muka sani? Ki zauna ya ji muryarki, ita ce za ta amfane shi. In aka kaɗa ƙararrawar yamma ba mai barin ki ki shigo, gobe kuma da sassafe za su ɗauke shi."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ji haushinsa. Ta zare hannunta.

Ta fara da waya. Ta tsaya a bayan wani ginshiƙi tana rera sautin waƙar a bakin wayar ko manhajar gano waƙoƙi za ta nemo mata ita, masu wucewa suna kallonta kamar mai taɓin hankali. Wayar ta yi ta juyi, ta kawo mata wata waƙar rawa ta zamani. Ta sake. Ta kawo tallar sabulu. Ta sake, ta sake, har cajin ya koma ja. Sai ta tari mota zuwa tsohuwar kasuwa.

Layin masu kaset ya zama layin masu caja da marfin waya. Ta tambayi shago uku, matasan ciki suna yi mata dariya, kafin wani ya nuna mata lungu. "Je ki wajen Mai Faifai. In bai sani ba, ba a buga ba."

Mai Faifai tsoho ne siriri, da tabarau ɗaure da zare. Shi ma caja yake sayarwa a gaba, amma bayan shagon kwalaye ne har rufi, ƙura ta yi musu bargo. Ta gaishe shi a gurguje ta zayyana masa komai.

Ya ce, "Allah ya ba shi lafiya. To, 'yata, yi min ita in ji."

Ta rufe ido ta ja waƙar daga ƙasan maƙogwaro, a hankali, yadda ta tashi tana ji. Ya karkata kai.

"Sake." Ta sake. Ya sosa gemu. "Kamar na san hanyar, amma ban san mai tafiyar ba. Namiji kika ce?"

"Namiji, Kawu. Murya kamar daga cikin rijiya. Akwai sarewa, akwai ganga mai nauyi. Ana tafi kafin ya fara."

"Wane harshe?"

"Da na sani ai da ban zo ba."

Ya kalle ta ta saman tabarau. Ya jawo kwali ya kunna babbar rakodarsa ta lantarki. Aka fara. Ya sa kaset, ta ji kaɗan, ta girgiza kai, ya cire. Mazaje masu kauri, mazaje masu kuka, mazaje masu sarewa. Wani ya yi kusa har ta miƙe, sai waƙar ta karkata wani wajen. Tsohon kuwa kowane kaset sai ya ba da tarihinsa, wanda ya kawo shi da shekarar da aka yi yayinsa, ita kuma ta ƙagu, idonta na kan inuwar da ke hawa bangon shagon da ke fuskantarsu.

Can ya tsaya da wani kaset a hannu, mai jan bango. "Wannan tafin da kika ce, akwai shi a nan." Ya danna. Tafi ya tashi, sarewa ta shigo da gudu, wata mace ta buɗe murya tsiririya tana dariya a cikin waƙar.

"Kawu, namiji na ce! Don Allah kar mu ɓata lokaci."

Ya kashe, ya ajiye shi gefe. "Allah ya huci zuciyarki."

Bai rufe baki ba aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, shagon ya yi duhu. Auta ta dafe kai.

"Inna lillahi! Yanzu kuma?"

"Kwantar da hankalinki." Ya laluba ƙarƙashin benci ya fito da wata ƙaramar rakoda mai batir, marfinta ɗaure da roba. Suka jawo kwalayen bakin ƙofa inda akwai haske, suka ci gaba.

Wayarta ta yi ƙara. Yaya ne. "Ke, kina ina? Ya tambaye ki ya fi a ƙirga. Ya ƙi cin abinci. Ki dawo haka nan, kin ji ko?"

"Saura kaɗan, Yaya."

"Kin samu?"

"A'a."

"To wallahi in kika bari ya kwana bai ji muryarki ba a kan wani ruɓaɓɓen kaset, ba zan..." Wayar ta mutu a hannunta.

Ta zauna a kan kwali. Tsoro ya kama ta sosai. Ta baro Babanta a yini na ƙarshe da zai iya jin ta ce masa Baba, ta zo tana shaƙar ƙura. In ta koma hannu wofi ta yi asarar duka biyun. Mai Faifai bai kalle ta ba, ya ci gaba da sa kaset yana cirewa, ya daina ba da tarihi. Kwali ya ƙare, aka buɗe wani. Masu shagunan kusa suka fara shigar da kaya.

Ta miƙe ta karkaɗe zaninta. "Kawu, na gode. Allah ya saka. Bari in tafi kar a rufe."

"Tsaya, akwai kwali ɗaya a sama. Amma kamar batiran nan sun fara ja da baya, muryoyin duk sun yi min nauyi. Bari in gwada." Ya ɗauko mai jan bangon nan da ta ƙi, ya mayar da shi zuwa farko. "Wannan na san muryarta kamar yunwar cikina. In ta canja, to batir ne."

Ya danna. Ta riga ta sa ƙafa ɗaya a waje.

Tafi ya zo, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Sarewa ta biyo tana jan jiki. Sai mutumin ya buɗe baki daga can cikin rijiyarsa.

Tsigar jikin Auta ta tashi. Ta ji ƙanshin yadi da man keke, ta ga ƙafar Baba tana hawa da sauka a gaban hancinta.

"Kin ji ko," in ji tsohon yana tsaki, "sun mutu. Sun mayar min da yarinya ƙato. Bari in canja." Ya kai hannu ga marfin.

"Kar ka taɓa!" Ihun da ta yi har mai shagon gaba ya leƙo. "Kawu, kar ka taɓa! Shi ne! Wallahi shi ne!"

Ya kalli rakodar, ya kalle ta. "Wannan? Ai mace ce. Waƙar rawa ce."

"Babana bai taɓa sa wa rakoda sabon batir ba. Ko sau ɗaya. Sai wanda tocila ta gama da shi."

Tsohon ya buɗe baki, sai dariya ta ƙwace masa har da tari. Ita ma tana dariyar, hawaye na zuba. Ya goge bangon kaset ɗin da hannun riga ya nuna mata hoton, wata budurwa ta ɗaga ƙafa ɗaya sama. Ya karanta mata sunan da harshen masu shi, ya ce wanda ya kawo masa shi ya fassara masa: "Na Sayi Jan Takalmi."

"Ɗauki har rakodar," ya ce. "Kya dawo min da ita. Yi sauri, kuma kar ki kunna a hanya, abin da ya rage a cikinsu ba yawa."

Mota ta ƙi samuwa. Da ta samu, cunkoso ya riƙe su a mararraba, direban yana ta zagin na gabansa. Ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, rakodar a ƙirji, takalminta ɗaya ya tsinke ta cire duka biyun ta riƙe. Ta iso asibiti masu dubiya sun fara fitowa da kwanukansu.

Yaya na tsaye a bakin ɗakin, fuska a murtuke. Kafin ya yi magana ta danƙa masa rakodar. "Na samu. Riƙe min, kar ka taɓa komai." Numfashinta bai kai ta yi bayani ba, ga kuma babbar nas ta tare hanya.

"Ina za a kai wannan? Nan ɗakin marasa lafiya ne, ba gidan rawa ba."

Auta ta bi ta har teburinta tana roƙo. Nas ɗin tana rubutu ba ta ko ɗago ba. Auta ta faɗi aikin gobe, ta faɗi kunnen, ta faɗi Mama. Aka kira nas ɗin wani gado, Auta ta tsaya jira, ƙafarta ba takalmi a kan siminti mai sanyi. Da ta dawo ta ƙare mata kallo tun daga sama har ƙasa.

"Waƙa ɗaya. A hankali. Ana kaɗa ƙararrawa ku fita."

Ta shiga ta tarar Yaya ya ajiye rakodar a kan filo, daidai kunnen Baba, sai wani murmushi yake na wanda ya yi abin kirki. Baba ya tashi zaune, idonsa a kanta.

"Auta, kin samo?"

"Na samo, Baba."

Ta mayar da kaset ɗin zuwa farko, ta danna. Tafi ya tashi da gudu. Sarewa ta yi tsalle, macen nan ta buɗe tsiririyar muryarta.

Auta ta ga hasken fuskar Baba yana dushewa. Ya saurara kaɗan don kar ta ji kunya, sannan ya ɗaga hannu.

"Kashe. Ba shi ba ne, Auta. Sannu da wahala, Allah ya yi miki albarka." Ya koma ya kwanta, ya juya fuska bango.

A waje aka kaɗa ƙararrawa.

Ta cire robar ta buɗe marfin. Batira sababbi fil, suna ƙyalli.

"Yaya! Me ka yi?"

"Me na yi? Waɗancan duk sun kumbura, na sauka shagon ƙasa na sayo masu kyau. Laifi ne?"

"Ina tsofaffin?"

"Na jefa a shara. Mai shara ma ya wuce da ita."

Ta so ta rufe shi da duka, yayanta ne ko ba yayanta ba. Nas ta leƙo ta ce, "Lokaci ya yi." Masu dubiyar gadon kusa suna sallama. Auta ta juya tana dube-dube, durowa, taga, jakar kayan Baba. Ina za a sami mataccen batir a asibiti? Sai ta tuna wane ne a kwance a gadon. Ta cusa hannu ƙarƙashin filonsa.

Tocilarsa na nan, tsohuwar ta ƙarfe, wadda ba ya kwana ko'ina ba tare da ita ba. Ta kunna. Hasken ya fito ja, da ƙyar ya kai tafin hannunta.

"Alhamdu lillahi," ta ce.

Ta kwance gindin tocilar, batiran suka zubo da shaidar haƙoran Baba a jikinsu. Ta cire na Yaya ta zuba masa a hannu, ta sa waɗannan, ta mayar da kaset ɗin zuwa farko da ɗan yatsa. Nas ta shigo sosai yanzu. Auta ba ta kalle ta ba, ta danna.

Shiru. Kaset ɗin ya yi kamar ba zai motsa ba. Sai ya ja, ya juya.

Tafi, a hankali. Sarewa. Mutumin cikin rijiya.

Baba bai juyo ba, amma Auta ta ga ƙafarsa ta dama ta fara motsi a ƙarƙashin mayafi, tana hawa tana sauka. Hannunsa ya shimfiɗu a kan katifa yana tura yadin da babu. Yaya ya zauna a ƙasa, a nan inda yake tsaye, ya rufe fuska da hularsa. Nas ta tsaya da hannu a kan ƙofa. Har waƙar ta ƙare ba wanda ya yi tari.

Baba ya juyo, gefen fuskarsa a jiƙe. "Shi ne. Ya sunansa, bawan Allahn nan?"

Auta ta durƙusa kusa da kunnensa. "Baba, ba namiji ba ne. Matar ɗazu ce. Kaset ɗaya ne, batir ne ya bambanta. In sun yi sanyi sai muryarta ta yi kauri." Ta nuna masa bangon. "Sunan faifan wai Na Sayi Jan Takalmi."

Ya karɓa ya nisanta shi da ido, ya daɗe yana kallon budurwar da ƙafarta a sama.

"Jan takalmi," ya ce. "Duk shekarun nan ina taya shi baƙin ciki." Can ya ce, "Mayar da sababbin."

"Baba?"

"Mayar. Ɗazu ban saurara ba."

Auta ta dubi nas. Nas ta dubi agogon hannunta, ta dubi tsohon, sai ta jawo ƙofar ta rufe daga ciki.

Yaya da kansa ya sa batiran, ya mayar da kaset ɗin zuwa farko. Tafi ya tashi da gudu, macen ta shigo tana dariya. Wannan karon Baba bai ɗaga hannu ba. Ta wuce farkon, ta kai inda waƙar take juyawa ta hau sama, sai Auta ta ji abin da ya kamata ta ji tun a kasuwa. Ta san wannan saurin. Ta san inda ake kaɗa kafaɗa.

"Haka take yin ta," in ji Baba. "Haka mamarku take yin ta, daidai, ba ta ƙara ba ta rage ba. Ashe ta ji ta yadda take." Ya runtse ido. "Wata tafiya da na yi sayo yadi, na dawo na tarar an buɗe sababbin batiran tocila. Ta ce min yara ne."

"Ni aka zane a kan batiran nan," in ji Yaya daga ƙasa, yana share hanci.

Baba ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. "Kai dai ka sayi batir," ya faɗa a hankali, da irin muryar da take faɗa. "Ta yi ta gaya min, ni kuwa ina cewa ta ɓata waƙa."

Auta ta ce, "In mayar maka da naka, Baba? Akwai sauran ƙarfi a na tocilar."

Ya girgiza kai. Ya ɗauki rakodar da hannu biyu ya manna ta a kunnen dama.

"Nawa na ji shi ya ishe ni. Bar min nata. Ƙara murya kaɗan."

Auta ta ƙara.